Tsohuwar da Duniya Ta Yi wa Dariya: Bitar Fim ɗin Hot Coffee

Labarin ya zagaya duniya cikin jimla guda: wata tsohuwa a Amurka ta sayi gahawa, ta zuba wa kanta, ta kai ƙara kotu, aka ba ta miliyoyin daloli. Haka na ji shi tun da daɗewa, haka kuma na riƙa maimaita shi duk lokacin da hira ta biyo ta kan halin Amurkawa na son kai ƙara. Sai da na kalli fim ɗin Hot Coffee na Susan Saladoff sannan na gane cewa shekara da shekaru ina cin naman wata baiwar Allah ba tare da na san komai game da abin da ya same ta ba.

Fim ne na gaskiya, babu ɗan wasa a cikinsa. An fara haska shi a bikin finafinai na Sundance a watan Janairun 2011, tashar HBO kuma ta nuna shi a watan Yunin wannan shekarar. Saladoff lauya ce da ta yi kusan shekara 25 tana tsaya wa waɗanda aka yi wa ɓarna, kuma wannan ne fim ɗinta na farko. Ana ganin lauyancin a yadda ta tsara shi: shari'o'i huɗu, kowace da shaidunta, kamar mai gabatar da hujja a gaban alƙali. Ƙarfin fim ɗin daga nan ya fito, rauninsa ma daga nan.

Stella Liebeck tana da shekara 79 a ranar 27 ga Fabrairun 1992, lokacin da jikanta ya biya da ita wani shagon McDonald's a birnin Albuquerque na jihar New Mexico. Ba ita ke tuƙi ba, motar ma ba tafiya take yi ba, domin yaron ya tsaya ne don ta zuba madara da sukari. Motar ba ta da wurin ajiye kofi, sai ta matse shi tsakanin gwiwoyinta ta ja murfin, gahawar ta kife mata a cinya gaba ɗaya. Wandon auduga ne a jikinta, ya tsotse ruwan ya manne shi da fata. Kamfanin yana ajiye gahawarsa a zafin digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Selshiyas, zafin da ke iya cinye fata har ƙasanta cikin 'yan daƙiƙoƙi. Kashi 6 cikin 100 na fatar jikinta ya ƙone ƙuna mafi zurfi. Ta kwana takwas a asibiti, aka yi mata dashen fata, ta kuma shafe kimanin shekara biyu tana jinya.

Dabarar da ta fi tasiri a fim ɗin mai sauƙi ce ƙwarai. An tare mutane a kan titi ana tambayarsu abin da suka sani game da shari'ar. Kowa ya yi murmushi ya faɗi labarin da ya ji: ai tuƙi take yi, ai kuɗi take nema, ai ta zama attajira. Daga nan aka miƙa musu hotunan ƙunar. Kyamara ta tsaya a kan fuskokinsu, kana kallon yadda dariya ke gudu daga fuskar mutum. Mai kallo ma ana nuna masa hotunan, kuma ina shawartar mai raunin zuciya ya shirya. Gani ya kori ji. Da Saladoff ta ɓoye hotunan nan don kunya ko tausayi, da duk bayanan lauyoyin da suka biyo baya ba su shiga kunnen kowa ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda maganar ta faro. Stella ba ta nufi kotu da farko ba. Dala dubu 20 ta nema don biyan kuɗin asibiti da sauran asarar da iyalinta suka yi. Kamfanin ya ce zai ba ta dala 800. Sai da aka rufe mata wannan ƙofa ta ɗauki lauya, Reed Morgan. A zaman kotu na watan Agustan 1994 aka fito da takardun kamfanin da ke nuna cewa tsakanin 1982 da 1992 ya karɓi koke sama da 700 na mutanen da gahawarsa ta ƙona, kuma bai da niyyar rage zafin. Masu taya alƙali yanke hukunci, wato mutum 12 daga cikin jama'ar gari da ake zaɓowa su saurari shari'a, sun ɗora wa Stella kashi 20 cikin 100 na laifin, don haka diyyar raunin ta sauko daga dala dubu 200 zuwa dubu 160. Suka ƙara dala miliyan 2.7 a matsayin diyyar ladabtarwa, adadin da aka auna da cinikin gahawa na kwana biyu kacal a shagunan kamfanin. Wannan lamba ce jaridu suka ɗauka suka ruga da ita. Kaɗan ne suka koma suka ba da labarin cewa alƙali Robert Scott ya rage ta zuwa dala dubu 480, daga baya kuma ɓangarorin biyu suka sasanta a asirce.

Saladoff ta nuna yadda wannan guntun labari ya zama makami. Masu barkwanci a talabijin suka yi ta wasa da shi, har wasan Seinfeld ya kwaikwaye shi. 'Yan siyasa da ƙungiyoyin manyan kamfanoni suka riƙe shi a matsayin hujjar cewa kotuna sun zama wurin caca, dole a yi abin da suke kira gyaran dokar diyya. Fim ɗin ya bi sawun wannan yaƙi daga tallace-tallacen talabijin zuwa Texas ta zamanin gwamna George W. Bush da mai ba shi shawara Karl Rove. A nan ne mai kallo zai fahimci cewa gahawar ƙofar shiga ce kawai, ainihin zancen shi ne wa ke da ikon kai babba ƙara, kuma me zai iya samu in ya kai.

Kashi na biyu shi ne zuciyar fim ɗin a wurina. Colin da Connor Gourley tagwaye ne da aka haifa a jihar Nebraska a 1993. Connor ya fito lafiya lau. Colin ya samu mummunan lahani a ƙwaƙwalwa, kuma masu yanke hukunci sun gamsu cewa sakacin likita ne ya jawo shi. Suka yanke wa iyalin dala miliyan 5.6, bisa lissafin abin da kula da yaron zai ci tsawon rayuwarsa. Amma dokar jihar ta ƙayyade duk abin da za a iya biya a irin wannan ƙara, don haka kuɗin ya koma dala miliyan 1.25, kuma Kotun Ƙolin Nebraska ta tabbatar da hakan a 2003. Saladoff ba ta cika wannan kashi da surutu ba. Ta bar kyamara a cikin gidan, muna kallon 'yan biyu masu kama ɗaya, ɗaya yana shirin rayuwar samartaka, ɗaya kuwa sai an taimaka masa a kusan komai. Iyayen suna maganar ranar da ba za su kasance a raye ba, wa zai riƙe shi. Duk wanda ya taɓa jinyar wani nasa ya san wannan fargaba. Fim ɗin ya kuma fito da wani lissafi da masu goyon bayan ƙayyade diyya ba sa son ambata: idan kuɗin ya ƙare, asusun gwamnati na kula da lafiyar marasa ƙarfi ne zai ɗauki nauyin yaron, ke nan an sauke kaya daga kan mai laifi an ɗora wa masu biyan haraji.

A daidai wannan wuri ne na so a ce Saladoff ta ɗaga kai ta dubi arewa, ta tsallaka iyaka zuwa Kanada. Maƙwabta ne, tushen dokarsu ɗaya ne daga Ingila in ban da lardin Quebec da jihar Louisiana, abincinsu da motocinsu da shagunansu kusan iri ɗaya, amma an san Amurkawa da kai ƙara, ba a san mutanen Kanada da shi haka ba. An saba cewa hali ne, wai na Kanada sun fi haƙuri. Ni ban yarda haƙuri kaɗai ya isa ya bayyana bambancin ba. Tsari ne ya bambanta.

A 1978 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci a shari'o'i uku a rana ɗaya, mafi shahara a cikinsu ita ce ta James Andrews, matashi ɗan shekara 21 da haɗarin mota ya shanye masa hannuwa da ƙafafu. Kotun ta ƙayyade diyyar raɗaɗi da ɓacin rayuwa a dalar Kanada dubu 100, adadin da ake ɗagawa gwargwadon tsadar kaya, wanda a yanzu ya haura dubu 400. Sai dai a cikin hukuncin nan alƙali Brian Dickson ya dage cewa kuɗin jinya da kulawa ta gaba dole a biya su cikakku, kuma kotun ta amince a kula da Andrews a gidansa duk da ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan ajiye shi a gidan marasa lafiya. Dubi bambancin. Kanada ta sa iyaka a kan abin da ba ya aunuwa da kuɗi, ta bar kuɗin magani da mai jinya da keken guragu a buɗe. Nebraska ta sa iyaka a kan komai, har da abin da yaro ke buƙata don ya rayu. Da a ce an haɗa labarin Colin da na Andrews a fim ɗin, da mai kallo ya ga cewa tambayar ta wuce a ƙayyade ko kar a ƙayyade, ta kai ga a ina ake kafa iyakar.

Akwai sauran bambance-bambance. A Amurka ka'ida ita ce kowa ya biya lauyansa, ko ya ci ko ya faɗi, lauyoyin masu ƙara kuma sukan yi aiki ne bisa sharaɗin karɓar kaso, galibi sulusi, in an yi nasara. A Kanada wanda ya faɗi yakan biya wani ɓangare na kuɗin lauyan wanda ya ci, don haka mutum sai ya yi tunani sau biyu kafin ya shigar da ƙarar da ba ta da tushe. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ba ɗan ƙasa damar a saurari ƙararsa ta diyya a gaban jama'ar gari a kotunan tarayya, yayin da a Kanada alƙali ne yawanci ke yanke irin wannan hukunci shi kaɗai, Quebec ma ta soke wancan tsari a shari'o'in diyya tun 1976. Diyyar ladabtarwa kuwa ba kasafai ake ba da ita a Kanada ba. Lokacin da Kotun Ƙoli ta tabbatar da dala miliyan 1 a 2002 ga Daphne Whiten, wadda gidanta ya ƙone cikin tsananin sanyin watan Janairu kuma kamfanin inshora ya yi mata ƙazafin cewa iyalinta ne suka cinna wutar, an ɗauki adadin a matsayin abu mai girma ƙwarai a ƙasar.

Babban bambancin duk ya fi waɗannan sauƙin fahimta. A Kanada gwamnati ce ke biyan kuɗin likita da asibiti, tsarin da ya samo asali daga lardin Saskatchewan aka kuma ƙarfafa shi da dokar lafiya ta 1984. Wanda ya ƙone a Toronto ba ya fita daga asibiti da takardar bashi a hannu. Stella ta fara neman kuɗi ne saboda akwai lissafin jinya da ya rage a kan iyalinta. A ƙasar da rashin lafiya ke iya cinye gidan mutum, kotu takan zama inshorar wanda ba shi da wata. Wannan shi ne abin da fim ɗin ya kusa faɗa bai faɗa ba, kuma shi ne babban giɓin da na gani a cikinsa.

Kashi na uku ya ɗauko Oliver Diaz, alƙalin Kotun Ƙolin Mississippi, inda ake zaɓen alƙalai da ƙuri'a. Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Amurka ta kashe kuɗi don a kayar da shi a zaɓen 2000, ya tsallake. Aka tuhume shi da cin hanci, kotu ta wanke shi, aka sake tuhumarsa kan haraji, aka sake wanke shi, amma ya shafe shekaru ba ya kan kujerarsa, a 2008 kuma ya faɗi zaɓe. Marubuci John Grisham ya bayyana a nan, shi da ya rubuta littafin The Appeal kan yadda ake sayen kujerar alƙali. Kashi ne mai amfani, ko da yake ya fi sauran sanyi. A Kanada naɗa alƙalai ake yi, don haka wannan kasuwa ba ta ci a can.

Kashi na huɗu ne ya fi jawo wa fim ɗin suka, kuma dole mai bita ya faɗi gaskiya a kansa. Jamie Leigh Jones ta yi aiki da kamfanin KBR a Bagadaza a 2005, ta ce abokan aiki sun yi mata fyaɗe, kuma takardar ɗaukar aikinta ta tilasta mata kai kokenta gaban mai sasantawa a bayan fage maimakon kotu. Fim ɗin ya gabatar da labarinta kamar an riga an tabbatar da shi. Ƙasa da mako biyu bayan HBO ta nuna shi, a watan Yulin 2011, bayan ƙarar tata ta samu isa kotu, masu yanke hukunci a Houston suka ƙi amincewa da ita. Saladoff ta yi gaggawa, ta tsaya a matsayin lauyar ɓangare ɗaya a wurin da ya kamata ta tsaya a matsayin mai ba da labari. Duk da haka batun da ta ɗaga yana nan daram. Miliyoyin Amurkawa suna sa hannu a takardun aiki, na wayar salula da na katin banki, waɗanda ke ƙwace musu damar zuwa kotu ba tare da sun lura ba. Gyaran doka da Sanata Al Franken ya kawo a 2009 daga shari'ar Jones ya taso, a 2022 kuma Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta hana tilasta sasantawar sirri a ƙararrakin cin zarafin jinsi. Haƙƙin da Jones ta yi fafutuka a kai shi ne a saurare ta a fili, kuma an saurare ta, ko da hukuncin bai zo mata yadda take so ba.

Wani abin da fim ɗin ya kauce masa shi ne cewa ƙarar banza tana nan da gaske. A birnin Washington wani alƙalin hukuma, Roy Pearson, ya nemi dala miliyan 54 daga iyalin Chung, 'yan asalin Koriya masu shagon wanki da guga, saboda wando guda da ya ce sun ɓatar. Ya faɗi a 2007, amma wahalar shari'ar ta sa suka rufe shagon. Ƙaramin ɗan kasuwa irin wannan shi ma abin tausayi ne, kuma bai samu gurbi a fim ɗin ba. Ko a batun gahawar, akwai kotunan da suka yi watsi da ƙararraki masu kama da ta Stella, a Amurka a 1998 da Ingila a 2002, bisa hujjar cewa masu saye suna son gahawarsu da zafi. An ba Victor Schwartz, lauyan ƙungiyar masu neman gyaran dokar diyya, damar magana, amma muryarsa ɗaya ce a tsakanin muryoyi da yawa. Kanada ma ba ta tsira ba: wani mutum a birnin Windsor da ya ga mataccen ƙuda a cikin gorar ruwan da bai ko buɗe ba ya samu hukuncin sama da dala dubu 300 a kotun farko, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da sokewar a 2008.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a wannan zance. Mun san diyya tun kafin mu san kotun Bature, mun kuma san yadda ake matsa wa wanda aka cuta ya bar wa Allah, wani lokaci don taƙawa, wani lokaci don wanda ya yi cutar ya fi ƙarfinsa. Iyayen yaran da aka yi wa gwajin maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 sun kai ƙarar kamfanin Pfizer har New York, kuma a 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yarda a ci gaba da sauraronsu. A shekarar ne kamfanin ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Ƙofar kotun da muke yi wa Amurkawa dariya a kanta, ita ce talakawan Kano suka ƙwanƙwasa. Na tuna da su sau da yawa ina kallon fim ɗin nan.

Ta fuskar fasaha, Hot Coffee ba ya ƙoƙarin burge kowa. Hira ce da mutane a zaune, da tsoffin hotunan labarai, da zane-zanen bayani, cikin ƙasa da sa'a ɗaya da rabi. Wani lokaci kiɗan yana tura mai kallo zuwa tausayi alhali labarin da kansa ya wadatar. Amma Saladoff ta iya abin da lauyoyi da yawa ba su iya ba, wato fassara doka zuwa harshen da mai sayar da kayan miya zai gane, kuma ta san lokacin da ya kamata ta yi shiru ta bar 'yar Stella, Judy Allen, ta yi maganar mahaifiyarta. A bakin 'yar ne matar ta daina zama abin misali ta koma mutum: tsohuwa mai ƙwazo da ta yi aiki a kanti har ta yi ritaya, wadda ba ta sake komawa yadda take ba bayan wannan safiyar.

Sharaɗin sasantawar ya sa ba a bayyana adadin da ta karɓa ba. Stella Liebeck ta rasu a watan Agustan 2004 tana da shekara 91, shekara bakwai kafin fim ɗin ya fito. 'Yarta ta ce da kuɗin aka riƙa biyan ma'aikaciyar jinyar da ta zauna tare da ita a gida a ƙarshen rayuwarta.